Tambayar Debby

Kwana goma sha ɗaya ke nan Godwin bai kira ba, kuma Nanret ta san dalili. Dalilin yana cikin wayarta, a hoto: mace sanye da rigar aiki irin ta mijinta, ta dafa kafaɗarsa tana dariya.

Debby sunanta. 'Yar Najeriya ce, suna aiki tare a wata ƙungiyar agaji can Kongo, inda Godwin ke haƙa rijiyoyin burtsatse a sansanin 'yan gudun hijira. Da yana kira, ba ya minti biyar bai ambace ta ba. Debby ta iya Faransanci kamar a can aka haife ta. Debby ta yi digiri biyu. Nanret, wadda karatunta ya tsaya a aji uku na sakandare, sai dai ta ce "to, madalla," ta shafa cikinta na wata takwas.

Ita ba mai magana ba ce, amma idonta ba ya barci. Ta lura surukarta, Mama, ta shiga azumi ba lokacinsa ba. Ta lura matan zumunta na cocinsu a unguwar Television sun fara zuwa bibbiyu, su share mata tsakar gida, su tafi ba su haɗa ido da ita ba. Yayan mijinta, Isaac, ya ɗauke rediyon falo wai zai kai gyara Kakuri, rediyon da lafiyarsa lau. In wayarsa ta yi ƙara, sai ya fita har bakin titi.

Ashe kowa ya sani. Irin wannan lallaɓawar aka yi wa 'yar'uwarta lokacin da mijinta ya ajiye wata a Jos.

Ran Laraba da hantsi Isaac ya miƙo mata wayarsa. "Matarmu, daga wurin aikin Godwin ne. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai."

Muryar mace ce, mai laushi, ga ladabi.

"Maman bebi, sannu da jiki. Debby ce. Godwin yana wani ƙauye da babu sabis. Wata takarda muke cikawa. Don Allah, akwai sunan da kuka zaɓa wa jaririn, ke da shi, wanda ba ku gaya wa kowa ba?"

Akwai. A tashar mota suka zaɓe shi ranar da zai tafi, ya raɗa mata a kunne direba yana ta danna hon. Ko Mama ba ta sani ba. Shi kaɗai ya rage mata wanda Debby ba ta taɓa ba. Ta samu mijin, ta samu hirarsa, yanzu kuma har cikin mahaifarta take leƙe?

"Comfort," in ji Nanret. Sunan mai sayar da tumatir ne a bakin layinsu.

"Kin tabbata?"

"Ni ke ɗauke da cikin, anti."

Ranar ta ci tuwo malmala biyu. Karon farko ke nan da ta hana wani abin da ya roƙa, kuma ta ji daɗinsa har cikin ƙashi.

Ran Asabar da rana Isaac ya shigo da fasto. Mama na biye da su, ɗankwalinta a hannu. Nanret ta gyara zama, ta ƙudura ba za ta yi kuka a gabansu ba, ko da sun ce har an ɗaura.

Isaac ya durƙusa a gabanta, abin da bai taɓa yi ba.

"Matarmu, ki yafe mana. 'Yan bindiga suka tare motarsu sati biyu da suka wuce. Mama ta ce a ɓoye miki saboda cikin. Wasu sun kira ƙungiyar sun ce yana hannunsu da rai. Dokar ƙungiyar, ba a ci gaba da magana sai an aika tambayar da shi kaɗai zai iya amsawa. Debby ta kwana uku tana roƙo kafin su yarda su kai masa tambayar." Ya share fuska da tafin hannu. "Amsar ba ta yi daidai da taki ba. An rufe magana da su tun jiya. Ba Godwin ba ne. Mutumin da ke hannunsu cewa ya yi Murna."

Nanret ta miƙe da ihun da unguwar ba ta taɓa jin irinsa daga bakinta ba, tana laluben wayar Isaac, domin duk duniya mutum biyu ne suka san wannan sunan, kuma ɗayar ce ta yi ƙarya.