Katin da Aka Gasa

Auta ta dire kwamfutar a kan teburin babanta da ƙarfin da ya sa ƙananan sukurori suka watse ƙasa. Idanunta sun yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

Shekara uku tana atisaye. A safiyar nan aka yi wasan ƙarshe na zaɓen 'yan wasan kwamfuta, inda wata ƙungiya za ta ɗauki mutum ɗaya tak. Ita ce a gaba. Saura minti biyu a tashi, allonta ya cika da ɗigo-ɗigo kore, sannan ya yi baƙi ƙirin. Ƙungiyar ta ɗauki wata.

Baban ya shekara ashirin yana gyaran kwamfuta a wannan shago mai faɗin tabarma biyu. Ya kwance murfin, ya zare katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da ɗan wasa yake gani a allo. Ya kai shi hanci ya shinshina.

"Yaushe kika saya?"

"Sati shida ke nan. A intanet, wajen wani dillali. Ya ce sabo ne fil."

"Sati shida," in ji shi a hankali, kamar likitan da ya ji abin da yake tsammani.

"Da ka ba ni ɗaya daga cikin katunan da kake sayarwa, ai da ban je wajen ɓarayi ba! Gida bai ƙoshi ba, kana kai wa dawa."

Sau huɗu ta roƙe shi, sau huɗu ya hana. Dokarsa ce tun fil'azal: ba ya haɗa sana'a da dangi. Ko ƙaninsa na ciki ɗaya bai taɓa fita da kati daga shagon nan ba.

Ya juya katin ƙarƙashin fitila, ya nuna mata inda korensa ya koma ruwan ƙasa. Ya yi mata bayani ba tare da ya ɗago ba. Idan kati ya mutu, dalmar da ke riƙe da ƙwaƙwalwarsa ce ta tsage. Sai a hura masa zafi daidai gwargwado har dalmar ta narke ta sake kamawa. Sai katin ya tashi garau, a wanke shi, a sa a kwali. Yakan yi wata ɗaya ko biyu, sannan ya koma inda ya fito.

"Wato gawa aka shafa wa hoda aka sayar mini," in ji Auta. Ta yi wata dariya marar daɗi. "Baba, kai ka san kowa a harkar nan. Ka gano mini shi."

"Kati yakan bi hannu goma kafin ya iso gun mai saye."

"Ko hannu ɗari ne. Wanda ya gasa shi nake so. Allah ya isa tsakanina da shi. Yadda ya kashe mini hanya, Allah ya nuna masa a kan 'ya'yansa."

Sukundireban ya tsaya a hannunsa.

"Ka ce amin mana, Baba."

"Amin," ya ce.

Ya kwance fankar katin, ya ɗaga ta kaɗan, ya mayar. Ya ce maƙogwaronsa ya bushe, ta je bakin titi ta samo masa ruwa mai sanyi. Ta tsaya a ƙofa ta waiwayo.

"Yi haƙuri da na ɗaga maka murya. Ba laifinka ba ne."

Ya saurari takunta har ya ɓace cikin hayaniyar motoci. Sannan ya ɗauke fankar, ya jiƙa auduga da sifirit. A can kusurwa akwai ɗan ɗigon jan fenti, bai kai ƙwayar gero ba. Ya goge, ya sake gogewa, har wurin ya yi fes.

Alamar da yake sa wa duk katin da ya gasa ce, don kada wata rana a zagayo a sayar masa da shi.