Ranar da Hotunanta Suka Fito Baƙi

Sau uku ta gwada fitilun a kan kujerar da babu kowa, sau ukun hoton ya fito tas. Ta goge gumin tafinta a gefen zani ta dubi agogo. Saura minti goma a shigo da wadda za ta ɗauka.

Gurbin mai hoto ɗaya ne a wannan babban situdiyo, su kuwa biyu suka rage. Abokin takararta, wanda ake ce wa Ɗan Gayu, ya yi nasa gwajin da safe, yanzu yana jingine da bango yana latsa waya, da murmushin wanda ya riga ya ji sakamako. Ita shekara goma sha ɗaya ta yi tana ɗaukar hoton fasfo a shagon mijinta, har shagon ya mutu a hannunsu. Shi ya koma gyaran kyamarori a kan ɗan tebur a falo, ita ta koma wanke-wanke. In ta samu aikin nan ta dawo sana'arta. In ta rasa, a shekarunta babu mai sake kiranta.

Mijin ne ya rako ta. Shi ya koya mata aikin tun ba ta san gaban kyamara da bayanta ba. Yau ya sa rigarsa ta fita, ya rataya 'yar tsohuwar kyamararsa a wuya kamar kullum, ya roƙi manaja ya bar shi ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ko tari ba za ku ji na yi ba," in ji shi. Manaja ya yi dariya ya ƙyale shi.

Aikin ba wani abin wahala ba ne. Manyan fitilu biyu ne masu lema, kowace da ɗan ido a bayanta. Da ƙaramin filas na kyamara ya haska, idon ya gani, sai su amsa a tare. Daga nan sai sun ɗauki daƙiƙa biyu ko uku kafin su sake cika, wanda ya ɗauki hoto a tsakanin nan duhu zai samu. Ta san wannan kamar yadda ta san sunanta.

Aka shigo da matar, tsohuwar shugabar makaranta da za a rataye hotonta a zauren taro, irin matan da kallo ɗaya za su yi maka ka gyara zama.

"Mama, a ɗan ɗaga haɓa. Yauwa. Ɗaya, biyu, uku."

Ɗakin ya haske fau. Ta dubi allon kyamara, sai duhu, fuskar ma da ƙyar ake ganinta, kamar a cikin rijiya aka ɗauka.

Ta je ta duba wayoyi, ta goge idon kowace fitila, ta latsa gwaji suka amsa. Ta dawo ta sake ƙirgawa. Haske kowa ya gan shi, hoto kuwa baƙi. A hoto na biyar ta sake bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya. A na tara tsohuwar ta miƙe ta ɗauki jakarta.

"'Yata, na zaunar da yara shekara arba'in. Ban saba a zaunar da ni a banza ba."

Baƙin ciki ya rufe mata ido. Ta juya ta nuna Ɗan Gayu da yatsa, ta ce shi ya taɓa mata kaya. Manaja ya ce mutumin nan ko motsi bai yi daga bangon ba, kuma gaskiya ya faɗa. Haka ta fito ba aiki, ga kunyar ƙazafi a kai.

A hanya mijin ya karɓi jakarta ya riƙe mata. "Kayan wuta haka suke, Maman yara. Kada ki sa abin a ranki. Gida ma ai yana buƙatarki."

Ta sa a ranta kuwa. Ta nannaɗe kyamararta a tsumma ta jefa ƙasan akwati, ta yarda hannunta ya mutu. Duk ranar da ta bi ta gaban situdiyon ta hango Ɗan Gayu ta gilashi, sai ta kau da kai ta ƙara sauri. Mijin kuwa bai taɓa yi mata gori ba, har wata sabuwar kulawa ya ƙaro.

Bayan wata biyar tana neman katin asibitin autarsu a durowar teburinsa, sai ta ci karo da babban ambulan. Hoto ne a ciki, an wanke shi a takarda mai tsada. Ita ce daga gefe, ta sunkuya a kan kyamara, ga tsohuwar a kujera, haske ya kwanta mata a fuska lallausa, kowane layin tsufa ya fito da martabarsa. Rabon da mijin ya ɗauki hoto mai kyau haka tun shagonsu na da rai, kuma ta san halinsa, ba ya iya yaga hoto mai kyau. Zuciyarta ta yi sanyi, ashe ya ajiye hotonta na ranar da ta fi kowace muni.

Sai idon sana'a ya dawo mata. Wannan 'yar kyamarar tasa, daga bakin ƙofa, ina ta samo irin wannan haske? Ta matsa jikin taga ta ƙura wa hoton ido.

Lemomin fitilun nan biyu suna ci fari fat, bakinta bai gama faɗin uku ba, yatsanta kuwa yana sama, bai kai ga madannin ba tukuna. Filas ɗinsa ne ya riga nata tashin fitilun.