Cikin Akwatin Lasifikar Baba

Babana kafinta ne a Jega, yana kwaikwayon manyan akwatunan lasifika na ƙasashen waje, masu bugun nan da ke girgiza ƙirji. A cewarsa, in iska na sulalewa ta wata kafa, sauti ya mutu. Dabararsa ita ce ya sa yaro ciki ya rufe, yaron ya faɗi inda haske ke shigowa.

Wata la'asar ya tura ni cikin wani sabon akwati ta ramin da lasifika ke zama, ya ɗora lasifikar, ya shiga ɗaure ta da sukuru. Ga duhu, ga zafi, warin gam ya cika mini maƙogwaro, maganaɗisun bayan lasifikar na dungurar goshina. Na ji numfashi na ƙare mini, na dinga dukan katako.

"Baba, hidda ni, mutuwa za ni yi."

"Haske nit tambaye ka, ba kuka ba. Mi kag gani?"

Ban ga komai ba, amma sai da na rantse mishi sannan ya kwance sukurun.

Har yau ana yabon akwatunansa daga Aliero zuwa Maiyama. Ni kuwa, da furfurata, ko a mota ba na yarda a rufe gilashi.