Farashin Ba-Ragi

A rana ɗaya ta rasa mijinta da muryarta. Abin da ta samu a madadinsu shi ne tsohon firjinsa, da rumfar da ke bakin ƙofar gidan kallo, da sunan da 'yan unguwa suka laƙaba mata, Ba-Ragi. Lemo da ruwan sanyi take sayarwa. Magana kuwa sai ka sunkuyo kafin ka ji, don tun daga ranar maƙogwaronta bai sake buɗewa ba. Ba ta damu ba. Yatsu sun isa faɗin kuɗi, girgiza kai ya isa korar mai neman sauƙi.

Kwanan nan kasuwa ta buɗe mata, saboda wani fim ɗin aljana da ake nunawa. Wata ce cikin baƙin mayafi take bin ɗalibai ɗaki ɗaki da wuƙar fawa, kuma ba ta yanka kowa sai ta kurma ihu. Ba-Ragi ba ta taɓa shiga ba, amma ta haddace fim ɗin ta bayan bango. In an zo wurin ihun sai ta ajiye mabuɗin kwalba. Ko wa ke tsaye, sai ya jira.

Da la'asar ake tashi daga kallon rana, kuma a gaban firjinta ake yanke wa fim hukunci.

"Jinin nan fenti ne, wallahi," in ji wani makanike. "Irin wanda muke fesa wa mota."

"Ni wawancin yaran ne ya ƙona min rai," in ji tela. "Ka ji motsi a banɗaki, ka ce bari ka leƙa. Leƙa uban me?"

Wani mai gilashi, wanda kullum sai ya sanar da jama'a cewa ya karanta harkar fim, ya gyara tsayuwa. "Ihun ne ya ɓata aikin. Na kwamfuta ne, an cika masa gishiri. Babu macen da ke kuka haka."

Makaniken ya toshe hanci ya maƙe murya. "Tashi manaaa! Wa ka bar wa niii?" Aka tuntsure da dariya. "Kun ji aljana! Ta zo kisa, ta ɓuge da tashin mutane daga barci!"

Ba-Ragi ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta taɓe baki. Jarumai ke nan. Makaniken da ke kwaikwayo, sai waiwayen bayansa yake ta yi kamar ana biye da shi. Shi kuwa mai gilashi, ta lura fitsari ba ya kama shi sai ana gab da ihun, ya fito ya yi ta kewaye rumfarta har a wuce wurin. Da ya miƙo kuɗi sai ta ƙara masa yatsa ɗaya. Ya buɗe baki zai yi ƙorafi, ta ɗauke kwalbar. Ya biya.

Taro na watsewa sai ga Darakta, mai fim ɗin. A da ɗan haya ne a gidan su Ba-Ragi, tagarsa na kallon tsakar gida, ko sabulu sai ya ara, kullum waya a hannu yana ɗaukar kaji da awaki. Yau ga shi da mota. Akwai abin da ya ɗauka nata bai tambaye ta ba, ya zuba a fim. Yanzu wani babban kamfani zai sayi fim ɗin, amma sun ce sai mai abu ta dangwala hannu ta yarda. Sintirin da yake ta yi ke nan.

Ya durƙusa gefen firjin. "Inna, ki rufa min asiri."

Ya faɗi kuɗi, ta girgiza kai. Ya ninka, ta ci gaba da goge kwalabe. Ya kawo maganar sabon firji, ta shafa tsohon kamar ya zage shi. Ya ce shago mai ƙofar gilashi, ta yi tsaki.

"Da za ka ɗauka," ta ce cikin raɗa, "ka yi ciniki da ni, ɗan nan?"

"Na yi kuskure, Inna. Amma kin dai ji su da kunnenki, dariya ma suke yi wa abin." Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. "Shi ke nan. Gobe zan goge shi, in sa wani. Kowa ya huta."

Ya nufi mota.

Duk wanda ya san Ba-Ragi ya san ba ta kiran mai saye in ya juya baya. Ko ƙanƙara ce ke narkewa a hannunta, gara ta narke. Daga cikin gidan kallo aka soma gwada lasifika saboda kallo na gaba, ihun ya ratso bango. Hannunta ya tsaya a kan kwalba.

Ta ɗauki mabuɗi ta ƙwanƙwasa firji da ƙarfi. Mai gadin gidan kallo ya waiwayo baki buɗe. Darakta ya dawo da sauri, ya sunkuyo da kunnensa.

"Ba za ka goge ba. Kuma riƙe kuɗinka, ba su kai ba."

"To me kike so, Inna?"

Ta miƙa babban yatsanta, amma ba ta sake shi ba tukuna.

"Kukana ne ka laɓe a taga ka naɗa, safiyar da aka shigo da gawar maigidana, kuma ita ke nan muryar da ta rage mini a duniya, don haka farashinta kujera ɗaya ce a layin gaba, kullum, kyauta, ba ragi."