Sojojin Da Ke Hayin Kogi

"Ranki ya daɗe, kafin rana ta take nake son amsa," in ji Kyaftin Harcourt, wakilin Kamfanin Turawan Ingila.

Sarauniyarmu, Rani Kesarbai, ta dube ni, ni da nake wazirinta. Ta tagar fada muna hango tantunan sojoji a hayin kogi, cikin ƙasar sarki maƙwabcinmu, Raja Udaibhan. Baturen ya ce mu za su auka wa. Maganinsa ɗaya ne: dakarun Kamfani su zauna cikin ganuwarmu, mu ciyar da su, kuma kada mu ƙara magana da wani sarki sai ta bakinsa.

"Wato in ba ka makullin gidana don kada ɓarawo ya shiga?" ta ce.

"In kin ƙi, tafiyata zan yi. Sai dai ki tuna ɗanki bai isa riƙe takobi ba."

Ta buga hatimi a kan takardar yarjejeniyar.

Bayan damina Gwamnan Kamfani ya tara sarakuna, aka zaunar da ita kusa da Udaibhan, ina tsaye bayanta. Tsohon duk ya rame. Ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, me na yi miki kika shirya kawo mini yaƙi?"

"Ni? Sojojinka fa muka gani a bakin kogi!"

Ya girgiza kai.

"Na Kamfani ne. Harcourt ne ya kawo su, wai su kare ni daga gare ki."