Babura Uku da Hantsi

Furera na jin ƙarar babura ta suri goyonta ta faɗa cikin rumbu. A ƙauyukan Shinkafi, babura uku a jere ba alheri ba ne.

Wata tara tana jiran a amince mata da murhun sola na tallafi, ko ta huta da neman itace a dajin da 'yan bindiga suka kashe mijinta.

Aka bubbuga ƙyaure. "Furera Jelani! Fito mu gan ki!"

Har sunanta sun sani! Ta toshe bakin jaririn.

Bayan tafiyarsu ta tsinci takarda a ƙofa. Liman ya karanta mata: "Mun zo tantance masu neman murhu, ba kowa. An soke sunanki."

Ta dubi madafa, ko kara babu. Ta ɗauki gatari.