Hanyar Bayan Gamji

Rafi ya cika ya batse, jakuna suka ƙi taka ruwa. Madugu ya ce a sauke kaya, ba tashi sai jibi.

Maharazu falke ne mai sayen auduga. Shekara ashirin yana fatauci tsakanin Zazzau da Kano, bai taɓa yarda ya ratsa ƙasar Maska ba sai bana, da hanyar gabas ta ƙi biyuwa. Abokan tafiyarsa suka baje a gindin ɗorawa suna dara. Shi kuwa idonsa na kan wani baƙin dutse da ya tokare sama, yamma da zango.

Da hantsi ya sami Mudi, tsohon maharbin da ke kawo wa fatake nama, ya roƙe shi ya raka shi bisa.

"Baƙo, me ka ajiye a can?" in ji Mudi. "Kufai ne. Sai birai."

"Zama ne ya ishe ni, baba."

Suka kama hawa. Ruwan jiya ya bar dutsen da santsi, tafiyar ta koma ta hannu da gwiwa. Ƙaya ta yage rigar Maharazu, gwiwarsa ta fashe. Numfashi na neman gagararsa, amma bai sauke amawalin da ya rufe bakinsa ba.

Rana ta take tsaka suka iske wani ƙaton dutse ya gangaro ya toshe hanya. Mudi ya zauna yana haki.

"Iyakarmu ke nan. Hanyar ɗaya ce tak."

Maharazu ya raɓa ta hagu, ya bi gefen rami inda ƙafa ɗaya kawai ke samun wuri, har gindin wani gamji. Ya ɗage saiwoyin da suka sauko kamar labule. Ga wani tsagi, baƙi ƙirin, mai warin jemage. Ya shiga da rarrafe. Mudi ya saɓa bakansa ya bi shi.

Suka ɓullo a tsakiyar kufai. Duwatsun gindin rumbu na nan a jere, zagaye-zagaye. Ga ramukan niƙa cike da ruwan sama. Babu tsuntsu ko ɗaya.

Maharazu ya tsaya cak.

"Baba, ka ji daka?"

"Ban ji komai ba."

Shi Maharazu yana ji. Taɓarya biyu, ɗaya na sauka ɗaya na tashi, daga can inda babu gida.

Mudi ya durƙusa gaban wasu duwatsu uku da hayaƙi ya baƙanta, ya shafa su.

"Murhun matata Hajo ke nan. Gida saba'in muke a nan. Mahara sun zo sau uku, mutum biyu da tulin duwatsu suka kore su daga bakin hanya. Na huɗun ina daji. Da rana tsaka aka yi, mata na daka. Masu tsaro na kallon gaba, aka faɗo musu ta baya. Wanda ba a kashe ba aka ɗaure." Ya share ido da bakin riga. "Har yau ban san ta inda suka ɓullo ba."

Sai a hankali ya waiwaya ya dubi tsagin da suka fito. Ya daɗe yana dubansa. Hannunsa ya tafi ga kwarin kibiyoyi.

"Baƙo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "a nan aka haife ni, ban san da wannan hanya ba. Wa ya nuna maka?"

Maharazu ya sauke amawalinsa. Dakan ya tsaya.

Babu wanda ya nuna masa. Shi ya gano ta wajen neman zuma, kuma rabonsa da ita shekara ashirin, tun ranar da ya shigo yana gaba, mahara arba'in na rarrafe a bayansa.